Na Gaji da Jinyar Mahaifiyata: Ko Bangaskiyata Ce Ta Mutu?

"Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekara huɗu ke nan ina jinyar mahaifiyata. Ɓarin jikinta ya shanye, daga baya mantuwa ta shigo, yanzu wani lokaci ba ta ma gane ni. Ni ce wanka, ni ce ba da abinci, ni ce kwasar kashi da fitsari, ni ce tashin dare. Mu biyar ta haifa, amma sauran sai waya da ɗan abin da suka aiko. Kwanan baya ta ture abinci har sau uku, ta ce so nake in kashe ta, na daka mata tsawa har ta yi kuka. A wannan dare na ji a raina da ma Allah ya ɗauke ta mu huta. Tun ranar na kasa addu'a, in na durƙusa sai barci ya kwashe ni. A coci ana ce mini Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. To ni dai wannan ya fi ƙarfina. Ko bangaskiyata ce ta mutu? Allah zai gafarta mini kuwa?"

'Yata, sannu da jinya, sannu da ƙoƙari. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Tambaya biyu kika rubuto, amma da na sake karantawa sai na ga ta uku tana kwance a ƙarƙashinsu. Kin tambaya ko bangaskiyarki ta mutu, kin tambaya ko akwai gafara. Wadda kika kasa furtawa ita ce ko kina da izinin cewa kin gaji, ki nemi a karɓe ki, ba tare da kin zama 'yar da ta yi wa uwarta butulci ba. A kan wannan ta ukun zan fi daɗewa, domin in ta warware, sauran biyun ba su da wuya.

Na yi shekaru ina ziyarar marasa lafiya a asibiti da gidaje, kuma ni ma na yi jinyar mahaifina kusan shekara uku kafin Ubangiji ya kira shi. Abin da na lura da shi ɗaya ne a ko'ina. Duk wanda ya shigo ɗakin, "ya mai jiki?" yake tambaya. Da wuya ka ga wanda zai juya ga wadda ke zaune a gefen gado, ido ya yi ja, ya ce yaushe rabonki da barci. Ni yau ke nake tambaya.

Abin da shekara huɗu ke yi wa jiki

Babban mutum yana bukatar barci na kamar awa bakwai a dare. Ke kuwa shekara huɗu kina tashi sau biyu, sau uku, wani daren ma ba ki runtsa ba, domin mai shanyewar jiki sai ana juya shi kusan duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa. Wanda aka daɗe ana katse wa barci, abu na farko da ke raunana a gare shi shi ne iya riƙe fushi. Abin da da zai wuce da murmushi, yanzu sai ya ji kamar an caka masa wuƙa. Mantuwa takan kama shi, ciwon kai da ciwon baya, hawan jini, saurin kuka. Wannan yakan sami fasto, yakan sami likita, yakan sami wanda bai taɓa shiga coci ba. Jiki magayi ne, kuma naki ya daɗe yana magana.

A shekarar 1999 wasu masu bincike biyu a Amurka, Richard Schulz da Scott Beach, sun fitar da sakamakon bibiyar da suka yi wa tsofaffi masu jinyar mazajensu ko matansu na tsawon shekara huɗu. Waɗanda suke jinya kuma suka ce abin yana matsa musu, haɗarin mutuwarsu ya fi na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗanda suke jinya amma ba sa cikin matsi, ba a ga wannan ƙarin a kansu ba. Ashe jinyar kanta ba ita ke karya mutum ba, yin ta cikin matsi ba mataimaki shi ne ciwon. Ke ba tsohuwa ba ce kamar waɗancan, amma jikinki na ɗan Adam ne kamar nasu.

Sai maganar mantuwar. Likitoci suna kiranta dimenshiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen jinyarsu mata ne ke ba da shi. Ciwon iri-iri ne, wadda aka fi sani ita ce Alzaima, amma akwai wadda ke biyo bayan shanyewar jiki, saboda jini ya kasa kai wa wasu sassan ƙwaƙwalwa. Ni ba likita ba ne, likitan da ya duba Mama shi zai faɗi irin tata. Abin da nake so ki riƙe shi ne, zargi yana cikin alamomin wannan ciwo. Mai shi yakan ajiye abu ya manta, ya ce an sace. Yakan ga abinci a hannun wanda bai gane ba, ya ce guba ce. Kuma wanda ya fi kusa shi ya fi shan zargin, tun da shi ne kullum a gabansa. Da yawa sukan fi rikicewa in rana ta yi sanyi zuwa almuru. Ranar da Mama ta ce so kike ki kashe ta, tsoro ne ya yi magana da bakinta. Ta ga baƙuwa riƙe da cokali, ba ta ga 'yar da ta goya ba. Gardama ba ta amfani a irin wannan lokaci. Ki janye kwanon, ki fita ki sha iska minti goma, ki dawo kamar yanzu kika shigo. Sau da yawa za ki tarar ta karɓa. In kuwa rikicewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ki kai ta asibiti, domin ciwon mafitsara ko zazzaɓi ko wani sabon magani yakan jawo haka ga tsofaffi, kuma ana iya magance shi.

Akwai wani nauyi kuma da ba a gani. Kina makokin uwar da take raye. Wadda kike kai wa kuka in duniya ta yi miki zafi, ga ta nan a kan gado amma ba ta nan. Wata masaniyar zamantakewar iyali, Pauline Boss, ta ba wannan hali suna tun shekarun 1970, ta kira shi rashi marar tabbas. Ba wanda zai zo miki ta'aziyya a kansa, tun da ba a yi mutuwa ba. Amma baƙin ciki ne na gaske, kuma wani ɓangare na abin da kike ɗauka fushi ne, makoki ne da bai sami hanyar fita ba.

Ayar da ake jefa miki

Masu ce miki Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma ba haka ayar ta ce ba. Ki buɗe 1 Korantiyawa 10:13 ki karanta tun daga farkon surar. Bulus yana magana ne a kan gwajin faɗawa cikin zunubi, bautar gumaka da fasikanci da gunaguni irin na Isra'ilawa a jeji, yana cewa Allah zai buɗe mafita. Shi wannan Bulus ɗin, ga wannan ikilisiya ɗin, ya rubuta a 2 Korantiyawa 1:8 cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, har suka fid da rai. Manzo ne ya ce abu ya fi ƙarfinsa, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bari aka rubuta. Saboda haka da kika ce "ni dai wannan ya fi ƙarfina," ba saɓo kika yi ba. Gaskiya kika faɗa.

Ki duba Musa a Littafin Ƙidaya sura 11. Ya ce wa Allah, ni na yi cikin mutanen nan, ni na haife su, da za ka ce in rungume su kamar mai reno? Ya ce ba zan iya ɗaukarsu ni kaɗai ba, sun yi mini nauyi, in haka za ka yi da ni gara ka kashe ni. Maganar ta fi taki zafi. Allah bai tsawata masa a kan rashin bangaskiya ba. Ya ce ya tattaro dattawa 70 su ɗauki nauyin tare da shi.

Labarin da na fi komawa gare shi in na zauna da masu jinya shi ne na Iliya a 1 Sarakuna 19. Ga mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama a kan addu'arsa. Ba a jima ba sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana, ya gudu har Biyer-sheba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube a gindin wani itace ya ce ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina. Ki lura da abin da ya biyo baya, domin nan ne amsarki take. Barci ya kwashe shi, kamar yadda yake kwashe ki. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci. Ga gurasa, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci, aka ƙyale shi. Mala'ikan ya sake dawowa ya ce tashi ka ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Ba wa'azi, ba tuhuma. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya zauna da shi a kan abin da ke ransa. Can ma da Iliya ya ce ni kaɗai na rage, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma aike shi ya nemo Elisha. Barci, abinci, sannan magana, sannan mataimaki. Mu a coci sau da yawa mukan fara da magana, mu tsaya a nan.

Tsawar, da tunanin da ya zo da dare

Waɗannan abu biyu ne, kada ki ɗaure su da igiya ɗaya.

Tsawar ba daidai ba ce, ke ma kin sani, ba zan shafa miki mai a baki ba. Gajiya ta bayyana dalilinta, amma Mama ta yi kuka, kuma hakan ya taɓa ki domin lamirinki yana da rai. Ki furta wa Allah da sunansa, 1 Yahaya 1:9 ta ce shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake. Ayar ba ta ware masu jinya ba. Sannan ki riƙe hannun Mama ki ce ta yafe miki, ko da ta manta abin da ya faru. Ni na taɓa yi. Wata rana da asuba, bayan na canja wa mahaifina shimfiɗa sau biyu cikin dare, ya sake ɓatawa, na faɗi maganar da har yau ba na son tunawa. Da gari ya waye na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya dube ni ya ce, wane ne ya ɓata maka rai? Ya riga ya manta. Ni ne na yi wata guda ina ɗauke da abin, ina hawa bagade ina wa'azin alheri ga wasu, ni kuwa na hana kaina. In kin furta, ki bar shi a inda kika ajiye. Abin da ya rage shi ne ki karanta tsawar a matsayin ƙararrawa: ta gaya miki kin wuce iyakarki.

Tunanin nan kuwa, da ma Allah ya ɗauke ta mu huta, da wuya in zauna da wanda ya daɗe yana jinya mai nauyi, in ya sake da ni, bai faɗi makamancinsa ba. Kowannensu yana zaton shi kaɗai ne mugun da ya taɓa jin haka. In kika tone shi za ki ga ba mutuwar Mama kike so ba. So kike wahalar ta ƙare, tata da taki, kuma a wannan dare ba ki hango wata ƙofa ba sai wannan. Mai ƙin uwarta ba ta kwasar kashinta shekara huɗu. Ki kai wa Allah tunanin yadda yake, ba sai kin wanke shi ba. Ya san shi tun kafin ki sani, Zabura 103:14 ta ce ya san abin da aka yi mu da shi, yana tuna mu ƙura ne.

Amma akwai iyakar da dole in ja miki. In kika ga hannunki ya fara kai mata duka ko finciko, ko kin fara barinta da yunwa ko cikin ƙazanta don haushi, ko tunanin ƙara mata magani fiye da ƙa'ida ya zo miki, ko tunanin kashe kanki, wannan ba abin jira ba ne. A ranar za ki kira wani ya zo ya zauna da ita, ke kuma ki ga likita. Haka nan in kin yi sama da mako biyu ba kya jin daɗin komai, ba kya son cin abinci, kina jin ke ba kowa ba ce, ko an karɓe ki barci ba ya zuwa. Wannan yana iya zama ciwon damuwa, yana da magani, kuma shan maganinsa bai fi shan maganin hawan jini zama rashin bangaskiya ba.

Mutum biyar aka ba umarnin

"Ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka" yana cikin Fitowa 20:12. Ku biyar Mama ta haifa, ku biyar umarnin ya hau. Ba a rubuta cewa 'ya mace, ko wadda ta fi kusa, ko wadda ta fi taushin zuciya, ita za ta cika shi a madadin kowa ba. A Markus sura 7 Yesu ya yi wa Farisiyawa kaca-kaca domin sun buɗe wa mutane hanyar kauce wa iyayensu da sunan abin da za su ba su keɓaɓɓe ne ga Allah. A 1 Timoti 5 Bulus ya ce 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a gida, su sāka wa iyayensu, ya kuma ce wanda bai kula da danginsa ba ya yi musun bangaskiya. Wannan magana 'yan'uwanki ya kamata ta hana barci, ba ke ba.

Duk da haka kada ki yi saurin yanke musu hukunci. A abin da na gani, 'yan'uwa da yawa ba mugunta ce ke hana su ba, rashin sani ne. Suna kira, ki ce "da sauƙi, mun gode Allah," su ajiye waya hankali kwance. Sun zo ziyara, kin yi wa Mama wanka, kin gyara ɗaki, ita ma ganin baƙi ya sa ta ware na awa ɗaya, sai su tafi suna cewa ai jiki ya yi kyau. Ke da kanki kike ɓoye musu abin da kike so su gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki ɗauki takarda ki rubuta aikin yini guda tun daga asuba har wata asubar, da lokacin kowanne. Ki tara su, ko ta waya ce, ki sa wani dattijo da suke jin nauyinsa ya zauna. Kada ki ce "ku taimaka," wannan kalma kowa yakan amsa ta da to, ba ta haifar da komai. Ki ce, Yaya, kai za ka zo ka kwana uku a makon farko na kowane wata. Ke ƙanwata, kai ta asibiti naki ne. Wanda yake nesa ƙwarai, kuɗinsa ya tafi ga ɗaukar mai taya jinya da dare. Wanda ya kwana uku a ɗakin nan shi kaɗai, ba sai kin sake yi masa bayani ba. Za a iya samun wanda zai ƙi. In ya ƙi, tsakaninsa da Allah ne, kada ki ƙone sauran ƙarfinki wajen bin sa.

Na san abin da zai taso miki: ba wanda zai yi mata yadda nake yi. Gaskiya ne, ba za su iya kamar ke ba. Za su ba ta abinci ya zube, za su sa mata riga a baibai. Ba zai kashe ta ba. Yetro ya ga surukinsa Musa zaune yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen nan. Ba wanda ya kai Musa iya shari'a a cikin jama'ar, amma ya saurara ya raba aikin. Ubangijinmu kansa, yana kan gicciye, ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, kuma Yahaya 19:27 ta ce tun daga sa'ar nan almajirin ya kai ta gidansa. Sa uwa a hannun amintacce ba yasarwa ba ne. Shanyayyen da aka zuraro ta rufin ɗaki a Kafarnahum, mutum huɗu ne suka ɗauko shi. Ina yawan tunanin da mutum ɗaya ne, da bai kai bakin ƙofa ba, balle saman soro.

A Galatiyawa 6 akwai ayoyi biyu da kamar suna karo da juna. Aya 2 ta ce ku ɗauki nauyin juna, aya 5 ta ce kowa zai ɗauki kayansa. A Helenanci kalmomi biyu ne daban. Ta farko nauyi ne mai danne mutum, ta biyu kuwa kayan da aka ɗora wa kowa gwargwadon rabonsa. Ƙaunar Mama kayanki ne, ba mai ɗaukar miki. Tashin dare na shekara huɗu kuwa nauyi ne irin na aya 2, kuma ikilisiya aka umarta ta sa hannu.

A nan ina da ƙorafi a kanmu shugabanni. Mun iya zuwa ranar Lahadi da yamma mu cika ɗaki, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu tafi mu bar mai jinya da wanke kofunan da muka sha ruwa. Ikilisiyar farko da aka yi kuka cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci na kullum, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka ɗora musu hannu don wannan aiki, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 6. Ki je wurin fastonki ko shugabar zumuntar mata ki faɗi abu takamaimai: ina bukatar mace biyu da za su riƙa zama da Mama awa uku, sau biyu a mako, da wadda za ta karɓe ni ranar Lahadi ɗaya a wata in je sujada. Ki roƙa a riƙa kawo muku Jibin Ubangiji gida. Mutane da yawa suna so su taimaka, ba su san ta ina za su kama ba.

In hali ya kai ga ɗaukar ma'aikaciyar jinya, ko kwantar da Mama a wurin da ake kula da irinta na ɗan lokaci ko na dindindin, ban ga ayar da ta hana ba. Ki bincika wurin sosai, ki riƙa zuwa ba sanarwa. Ki kuma tambayi likitanta ko akwai masu kula da sauƙaƙa raɗaɗi ga waɗanda ciwonsu ba ya warkewa. Wata Kirista 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ta kafa gidan St Christopher's a Landan a 1967 don wannan aiki, kuma tun daga tushe ta ɗauki iyalin maras lafiya a matsayin waɗanda su ma ake kula da su. Ba ko'ina ake samun irin wannan ba, amma tambaya ba ta cin komai.

Addu'ar wadda ta gaji

Kin ce in kin durƙusa barci ke kwashe ki. Zabura 127:2 ta ce banza ne a yi ta sammako ana kwana a makare ana cin abincin wahala, gama yana ba ƙaunatattunsa barci. In jikarki ta zo gaishe ki ta yi barci a cinyarki tana cikin magana, ba za ki ji haushi ba. Ki daina auna addu'arki ta yau da ta lokacin da kike da awa guda da safe ke kaɗai. Wancan lokaci dabam, wannan dabam. "Ubangiji, ka yi mini jinƙai," kina matse tsumma, addu'a ce cikakkiya. Ranar da ko wannan ta gagara, Romawa 8:26 ta ce Ruhu kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Ki karanta Zabura 13, inda Dawuda ya tambayi "har yaushe" sau huɗu a jere. Ki karanta Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba ko a aya ɗaya ta ƙarshe. Allah ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. Mai bangaskiyar da ta mutu ba ya damuwa ko Allah zai gafarta masa, ba ya rubuto wa fasto wasiƙa da tsakar dare. Taki ta gaji ne, tana bukatar abin da aka ba Iliya.

Wata shawara daga abin da na gani da idona: ki riƙa yi wa Mama tsofaffin waƙoƙin sujada da ta sani tun tana yarinya, da Addu'ar Ubangiji, da Zabura 23. Waƙa takan daɗe a ƙwaƙwalwa bayan sunaye sun tafi. Mahaifina ya kai lokacin da bai san sunana ba, amma in na ɗauko waƙar da suke yi tun suna samari, sai ya kama baiti na biyu kafin in kai. Minti biyar ɗin nan ya zama sujadarmu, mu biyu. Kuma in kina mata wanka, ki tuna Matiyu 25, inda Sarki ya ce na yi rashin lafiya kuka kula da ni. Ba na faɗin wannan don in ƙara ɗaure ki a ɗakin. Na faɗa ne don ki san ranar Lahadin da kika kasa zuwa coci, ba nesa da shi kika yini ba.

Ba zan yi miki alkawarin Mama za ta warke ba. Allah yana warkarwa, muna roƙo, ni ma zan roƙa. Amma Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa aka ce alherina ya ishe ka, kuma shi da aka warkar da mutane ta hannunsa ya rubuta a 2 Timoti 4:20 cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Duk wanda ya ce miki ciwon Mama ya daɗe ne saboda ƙarancin bangaskiyarki, ko wani zunubin gidanku, ki tuna masa da amsar Yesu a Yahaya 9 a kan wanda aka haifa makaho, cewa ba don zunubinsa ba ne, ba kuwa don na iyayensa ba. Wanda ya ce ki daina ba ta magani, kada ki saurare shi. Wanda ya ce ki ƙara azumi, ki gaya masa Baba Fasto ya ce yanzu lokacin tashi ki ci ne.

Daga nesa nake amsa miki, ban ga Mama ba, ban san halin 'yan'uwanki ba, don haka ki ɗauki wannan wasiƙa ki kai wa fastonki ku karanta tare, shi ya san gidanku. Abin da nake so ki fara da shi a makon nan guda ɗaya ne. Ki sami mutum ɗaya, ɗan'uwa ko 'yar'uwa a coci, ya kwana da Mama dare ɗaya. Ki nuna masa yadda ake juya ta da lokacin maganinta, ki rubuta a takarda ki manna a bango. Ke kuma ki tafi wani ɗaki, in da hali wani gida, ki kashe waya. Wataƙila ki farka ƙarfe biyu na dare kina jin kamar ta kira ki. Ni ma haka na yi a darena na farko, har na kai bakin ƙofa kafin in tuna ƙanena yana ciki. Ki koma ki kwanta.